Girgizar Ƙasar Yaya Bashir

Zafin bana ya yi kama da na waccan shekara, shi ya sa na kasa fitar da ita daga raina. Jiya da hantsi mukayyif ɗin falo, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya tsaya, kafin mai gyara ya iso jikokina sun cika gidan da ƙorafi kamar an yi rasuwa. Wannan ta kwanta a kan tayil, wancan ya buɗe firji ya tsaya a gabansa. Ina zaune da maficina ina kallonsu. Kuma cikin makon nan ne wani jikan Yaya Bashir ya zo nan unguwar Zahir gaishe ni, yana ba ni labari da fankama wai yanzu masana sun baza na'urori a kan ƙanƙarar ƙarshen duniya suna sauraron girgizar ƙasa, wai kuma kakansa ne ya fara wannan aiki a Makka. Na ce masa ya sha shayinsa kada ya huce.

A shekarun tamanin ne na Hijira, wato sittin da 'yan kai a lissafin Nasara. Gidanmu yana unguwar Tandabawi a Makka, a jikin dutse. Ɗakuna uku na sandaƙa ne, kwano da katakon akwatuna, irin waɗanda in rana ta take ba ka iya jingina da bangonsu. Na huɗun shi ne ɗakin dutse. Kakanmu ne ya sassaƙa shi cikin tsaunin da hannunsa bayan ya iso daga Kano ta Sudan. Ba shi da taga, ƙofarsa gajeriya ce sai ka sunkuya, amma in ka shiga sai ka ji kamar an ɗora maka hannu mai sanyi a ƙeya. Nan randunan ruwa suke. Duk macen da ta haihu a gidan nan take jego, duk wanda zazzaɓi ya kayar nan ake shimfiɗe shi.

Baba saƙƙa ne, ruwa yake kai wa gidaje. Yana da zafa, wato sanda mai garwa biyu da yake ratayawa a kafaɗa, har wurin ya yi kanta baƙi ƙirin. Inna tana gida. Sai Gwaggo Kande, yayar Baba, wadda mijinta ya rasu tun a hanyar zuwa, take soya gyaɗa tana kaiwa bakin titi. Ni kuwa lokacin ina da cikin fari, ya tsufa. Mijina Ilyasu direban babbar mota ne a hanyar Madina, sai ya kawo ni gida in haihu a gaban Inna.

Alhazai sun watse, gari ya yi fayau. Haka Makka take a da: in an gama Hajji sai ta zama tamu mu kaɗai, mu da rana. Ciniki ya mutu. Abin da muke ci shi ne naman da Inna da Gwaggo suka yanyana suka shanya a kan duwatsun Mina, da busasshen burodi da ake jiƙawa a shayi, da kuka da kuɓewa da alhazan gida suka bar mana tsaraba. Naman in ya daɗe sai ya koma kamar igiya, sai an daka shi kafin ya shiga miya. Duk wannan mun saba. Abin da ya bambanta waccan shekara shi ne ruwa.

Ruwan bazan, inda unguwa take ɗiba, ya ja baya. Bakin famfon da a da yake zuba kamar hannun mutum ya koma kamar ɗan yatsa. Baba yakan fita da asuba ya sa garwarsa a layi, ya yi salla a nan, wani lokaci sai hantsi ya samu cikon farko. Ana faɗa a layin nan, dattawa da furfura suna cakumar juna. In ya samu, na masu gidajen da yake wa aiki ne farko, namu sai ƙarshe. A gida kuwa ruwa ɗaya aiki uku yake yi: a wanke shinkafa, a wanke kwanuka da shi, sannan a jiƙa tsumman da za a rataya a ƙofa. Alwala a kan tasa ake yi don kada ɗigo ya faɗi ƙasa. Daga hantsi zuwa la'asar ba mai motsi. Mu kwanta a inuwar bango, kowa da jiƙaƙƙen ƙyalle a fuska, kana jin kwanon rufi yana ƙas-ƙas don zafi. Gishirin gumi ya bushe a wuyan riga ya yi fari. Da la'asar Gwaggo ta hura gawayi ta soya gyaɗarta cikin yashi, ni ina ɓare mata, Inna tana tankaɗe. Da magariba a fito da tabarmi tsakar gida, duwatsun kuma su fara amayo zafin da suka sha tun safe.

A cikin wannan hali Yaya Bashir ya dawo daga Masar.

Shi ne babba a gidanmu, kuma shi kaɗai ne namiji. Yana da ƙwaƙwalwa, wannan ban taɓa musunta masa ba. Tun yana yaro yake ɗaukar na ɗaya, har hukuma ta tura shi karatu. Can ya karanci ilmin ƙasa da duwatsu, ya ɗan yi aiki a wani gidan bincike inda ake rubuta motsin ƙasa. Ya sauka da kwat da tabarau da akwatin littattafai, yana magana da Larabcin Masar, Hausa kuwa sai ya yatsina baki kafin ya fito da ita. Ya ce wani malaminsa ya yi masa alkawarin sa shi cikin ayarin masana da za su tafi Ƙuɗub, ƙarshen duniya ta kudu, inda babu komai sai ƙanƙara. Ya zo gida ne ya jira kira.

Ranar da ya yi mana bayanin aikin, Baba ya sayo kankana don murnar dawowarsa. Yaya ya hana a yanka. Ya ɗora ta a cinya ya ƙwanƙwasa.

"Baba, in za ka sayi wannan, yaya kake gane ta nuna ba ka fasa ba?"

"Sai in buga in saurara," in ji Baba.

"To haka duniya take. Ba wanda zai iya fasa ta ya leƙa. Amma in ƙasa ta girgiza a wani wuri, kamar an ƙwanƙwasa ta ne. Motsin yana tafiya ta cikinta kamar igiyar ruwa har ya ɓulla ta wancan gefe. Igiyar iri biyu ce. Ɗaya mai sauri, tana ratsa dutse tana ratsa ruwa. Ɗaya mai nawa, in ta tarar da abu narkakke sai ta tsaya. In ka ajiye na'ura a nesa ka ga wacce ta iso, da lokacin da ta iso, sai ka san abin da ta ratsa. Da haka aka gane cewa can tsakiyar duniya akwai narkakken ƙarfe."

"Subhanallah," in ji Inna, ta dafe ƙirji.

"Amma ƙarshen duniya ba kowa, na'urori kaɗan ne. Ba a san kaurin ɓawon ƙasa a ƙarƙashin ƙanƙarar ba. Mu za mu je mu saurara."

Gaskiya maganar ta burge ni. Har yau in na ga ana buga kankana a kasuwa sai na tuna ta. Ilmin ba shi da laifi. Gwaggo Kande ce kawai ta ce, "To, a yanka mana duniyar mu sha, ƙishi muke ji."

Daga ranar gidan ya juya ya fuskanci Yaya Bashir. Shi ke da kofin farko na shayi, shi ke da tsokar da ba ta yi tauri ba. Yana wanka kullum da garwa guda, alhali mu sai mu goge jiki da tsumma. Da Gwaggo ta ce ya ɗan karɓi zafa ya taimaki ubansa ko da sawu ɗaya ne, sai ya ɗaga hannuwansa yana nuna mata yatsu.

"Gwaggo, waɗannan na aikin na'ura ne. In suka yi rawa, shi ke nan."

Inna ta ce, "Kande, ki bar min yaro. Ɗan da zai shiga cikin Turawa ne zai rataya garwa?"

Kullum da hantsi sai Inna ta sa a sayo masa guntun ƙanƙara. Ya zauna a kujera ya riƙe ta a tafin hannu, ido a rufe, wai yana saba wa jikinsa da sanyin Ƙuɗub. Ina kwance a gefe da cikina kamar tulu, ƙafafu sun kumbura, ina kallon ruwan yana bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a kwano. In ta narke sai ya shanye. Ko sau ɗaya bai taɓa waiwayowa ya ce, Rakiya, ungo ki tsotsa ba.

Sai kuma ya ce zai haɗa na'ura, don kada hannunsa ya manta aiki. Ya samo wani ƙarfe mai nauyi ya rataya da waya, ya ɗaura masa dogon tsinke mai allura a baki. Ya naɗe gwangwani da takarda, ya kara ta a hayaƙin fitila har ta yi baƙi. Ya ciro agogon bangon Baba, wanda wani alhaji ɗan Damagaram ya ba shi kyauta, irin wanda ake wana shi sau ɗaya a mako, ya farke shi ya haɗa da gwangwanin don ya riƙa juyawa a hankali. Allurar tana jan farin layi a kan baƙin. In ƙasa ta motsa, layin ya karkace. A lokacin ana fasa duwatsu da nakiya ta wajen Harami saboda faɗaɗawa, in aka tayar sai ka ji kwanukan gida sun amsa. Yakan ruga ya duba, ya fito yana murna allura ta yi rawa. Da bakinsa ya gaya wa Baba cewa wannan ƙaramar aba ce, abin kusa kawai take ji.

Amma wai tana bukatar wuri mai ƙasan dutse, marar iska, marar takun mutane.

"Ɗakin dutse," in ji shi.

Gwaggo ta ce, "Ɗakin mai jego ne. Yarinyar nan yau ko gobe."

"Ya Gwaggo, mata suna haihuwa a ko'ina. Wannan ilmi ne."

Na dubi Baba. Baba ya dubi ƙafarsa. Inna ta ce ai na ɗan lokaci ne, kira zai zo kwanan nan. Aka fito da randuna tsakar gida, ruwan sha ya koma kamar na shayi. Yaya ya sayo kwaɗo ya garƙame ƙofar, ya sa makullin a aljihun kwat.

A ɗakin kwano na haihu. Mace ce, aka sa mata Safiya. 'Yar ƙarama, ja zur, da gashi kwance. Wankan jego da ake yi da tukunya guda na tafasasshen ruwa ya koma ɗan kwano da tsumma, Gwaggo tana yi tana tsaki. Ruwan nonona bai zo da yawa ba, don ni kaina ban ƙoshi da ruwa ba. Da rana mukan jiƙa zani mu lulluɓe gadon, kafin ka juya ya bushe ya yi ƙarau. Ƙuraje suka feso wa jaririyar a wuya da hammata. Yaya ya leƙo sau ɗaya, ya ce masha Allah daga bakin ƙofa, sannan ya roƙi a rage mata kuka da dare don yana karatu.

Ba a daɗe da suna ba wasu abokansa na makaranta, 'ya'yan masu hali, suka zo da mota za su Ɗa'if shan iska. Kowa ya sani, duk mai iko a Makka can yake gudu in zafi ya yi zafi. Yaya ya sa sabuwar takarda, ya wana agogo, ya kulle.

"'Yan kwanaki ne," ya ce wa Inna. "Iskar can ta fi kusa da ta Ƙuɗub, jikina yana bukata. Kada kowa ya matsa kusa da ƙofar nan."

Gwaggo ta ce ya bar makullin ko don halin rai. Ya yi kamar bai ji ba.

Kashegari samum ta taso. Wanda bai san iskar nan ba ba zai gane ba. Ba ta sanyaya komai, kamar an buɗe bakin tanderun mai burodi ne an saita maka a fuska. Tana busar da ido, tana fasa leɓe. Tsuntsaye suka sauko ƙasa baki a buɗe. Ƙarfen gado ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Tun safe Safiya take kuka, wajen azahar sai kukan ya fara sirancewa, ya koma kamar na ɗan kyanwa, sannan ya tsaya. Na sa mata nono ta ƙi kamawa. Na taɓa maɗigarta na ji ta faɗa ciki. Idonta a buɗe rabi, ba ta kallon komai.

Na ƙwala wa Gwaggo kira. Ta shigo, ta ɗaga hannun yarinyar ta saki, ya faɗi yaraf. Ta fita, na ji ta jawo taɓarya daga bayan turmi.

Na fito da 'yata a hannu. Inna ta riga ta tsaya a gaban ɗakin dutse, ta baza hannuwa.

"Kande, don Allah. Don darajar Ɗakin Allah. Aikinsa ne, rayuwarsa ce."

"Matsa, Hauwa."

"In ya dawo ya ga an taɓa, zai tafi ba zai sake waiwayarmu ba. Mu kai ta gidan maƙwabta."

"Maƙwabtan da ɗakinsu kwano ne kamar namu? Dubi jikarki. Dube ta!"

Inna ba ta duba ba. Wannan shi ne abin da na daɗe ban manta ba, ta kawar da kai tana kuka, amma ba ta matsa ba. Ana haka Baba ya shigo da zafa a kafaɗa, garwa biyu cike, ruwan wani gida ne da ya sha layi tun asuba kafin ya samu. Ya dubi Inna, ya dubi taɓarya, ya dubi abin da ke hannuna. Ya sauke kayan a hankali, ya kama Inna ta kafaɗa ya janye ta gefe kamar yadda ake janye labule.

Gwaggo ta ɗaga taɓarya ta sauke a kan kwaɗon. Ta sake, ta sake. Kwaɗon bai karye ba, ƙarfen da aka maƙala shi ne ya tumɓuke da ƙusoshinsa. Ƙofa ta buɗe, sanyi ya fito ya tare mu. Baba ya shiga ya juye garwa guda a ƙasan ɗakin, ɗayar ya ajiye mini. Na zauna a kan jiƙaƙƙen dutsen, na kwantar da Safiya a cinya. Gwaggo tana shafa mata ruwa, tana ɗiga mata a baki da ɗan yatsa, ɗigo ɗigo. A gefenmu abin Yaya yana ta ƙyas-ƙyas, ƙarfen yana lilo, allura tana ta zane kamar mahaukaciya.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san an kira la'asar kafin ta motsa leɓe. Can ta yi atishawa, ta yamutsa fuska, ta saki wani kuka mai ƙarfi, mummuna, wanda ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Ta kama nono. Gwaggo ta jingina da bango ta ce, "Alhamdu lillahi."

Muka zauna a ɗakin har iskar ta faɗi. Ni da na so mu ci gaba da zama, ya dawo ya same mu a ciki ya yi abin da zai yi. Amma Inna ta dage. Ba ta ci ba ta sha, tana bin Baba da magiya, tana cewa yarinya ai ta warke, zafin ya sauka, kada a kashe wa ɗanta zuciya yana gab da samun abin da ya yi wa wahala. Baba mutum ne da ba ya iya jure kukan mace. Ya samo ƙusoshi ya mayar da ƙarfen ƙofar. Inna ta share ɗakin, ta sa muka yi alkawari ba mai faɗa. Gwaggo ta ce ita ba ta yi alkawarin komai ba, amma ba za ta ɓata yawunta ba sai an tambaye ta.

Yaya ya dawo fes, fatarsa ta yi luwai, ya riƙo wa Inna inabi a kwando. Bai zauna ba ya wuce ɗakin dutse. Muna jin ya buɗe kwaɗo. Ya daɗe a ciki. Inna ta kasa zama, tana ta gyara murfin randa. Ni ina jira in ji ihu.

Ya fito da takardar a hannu, ya riƙe ta da yatsu biyu kamar fuka-fukin malam-buɗe-littafi. Fuskarsa ba fushi. Ya ce, "Inna, an yi babbar girgiza." Ya sa takalmi ya fita gahawa, inda maza suke zaman shan shayi.

Bayan la'asar ya dawo da mutane. Dattawan unguwa, da abokansa, har da wani malamin makaranta. Aka shimfiɗa musu a ƙofar gida, bango ɗaya na kwano tsakanina da su, ina jin komai.

"Ku duba nan," in ji Yaya. "Layi yana tafiya lafiya lau. Sai ga wannan tsalle. Igiyar farko ke nan, mai sauri. Ga ta biyu, ga ta uku. Wannan dogon hargitsin kuwa motsin da ya biyo ta ɓawon ƙasa ne. In ka auna tazarar, daga nesa ƙwarai ta zo, ta kudu. Ina kyautata zaton daga ƙarƙashin ƙanƙarar Ƙuɗub ne. Ta ratsa tsakiyar duniya ta ɓullo a Tandabawi."

"Allahu Akbar!"

"Wace rana ce, ya Ustaz?"

Ya faɗa musu, ranar samum, wajen azahar. Sai wani mai shago ya ce wallahi shi ya ji, har kofin shayinsa ya yi rawa. Wani ya ce jakinsa ya toge a daidai lokacin ya ƙi tafiya. Wani tsoho ya ce shi ya zaci jiri ne. Manyan mutane masu gemu, kowa yana neman rabonsa a cikin taɓaryar Gwaggo Kande. Ita kuwa tana tsakar gida tana soya gyaɗa, ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna girgiza don dariya. Inna tana ta aika musu shayi, fuskarta kamar ranar Salla. Baba ya ce kansa yana ciwo, ya shige ɗaki.

A daren na ɗan ji tausayinsa. Na ce a raina, wawa ne kawai, son abin ya rufe masa ido.

Da safe ina shayar da Safiya sai ga inuwarsa a bakin ƙofa. Bai shigo ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wata 'yar hula ta saƙa, ta Safiya, wadda na yi ta nema ban gani ba. Ya jefo ta kan gado.

"A ƙarƙashin na'ura na tsinta. Ki riƙa kula da kayanki."

Na ɗauki hular na riƙe.

"Kuma a gaya wa Baba, ƙusoshin da ya sa sun fi na da girma. Kowa ya duba zai gani."

"Ashe ka sani," na ce.

"Na karanta irin takardun nan fiye da yadda kike zato. Kina tsammani ban san bugun ƙofa ba?" Ya gyara tabarau. "Mutane suna ta tambaya me nake yi a ɗakin nan. Dole in nuna musu wani abu. Maganar ta tsaya a gidan nan, kin fahimta?"

Na ce, "Yarinyar ta tashi, tunda ba ka tambaya ba."

"Madalla," ya ce, yana duba agogon hannunsa. Ya juya ya tafi wanka.

Kira bai taɓa zuwa ba. Ko malamin ya manta da shi, ko tun asali alkawarin bai kai yadda ya faɗa ba, Allah ne masani. Da sanyi ya shigo aka yi ruwan sama, bazan ya dawo, Yaya ya kwance na'urarsa ya bar ɗakin da tarkace. Agogon Baba bai sake tafiya ba. Ya samu aikin koyarwa, ya yi aure, ya gina gida mai bene. Ƙanƙarar da ya fi kusanta a rayuwarsa ita ce ta cikin firjinsa. Amma unguwa ta riga ta ba shi suna, Ustaz Zilzal, mutumin da ya ji girgizar ƙarshen duniya daga Makka. Takardar kuwa ya sa aka yi mata gilashi ya rataye a falon baƙi.

Safiya tana 'yar makarantar firamare muka je gidansa yawon Salla. An shimfiɗa ledar abinci, ƙamshin shinkafa da nama ya cika gidan. Yarinya ce mai tambaya, ta tsaya a gaban gilashin ta ɗaga kai.

"Kawu, wannan zanen mene ne?"

Na zuba masa ido. Na ce yau dai, a gaban wannan, zai ce wani tsohon abu ne, ya kawar da zancen. Sai ya ɗauke ta ya ɗora a hannu don ta gani da kyau. Ya kama ɗan yatsanta ya ɗora a kan tsallen farko.

"Wannan, ya binti, girgizar ƙasa ce da aka yi a ƙarƙashin ƙanƙara, can ƙarshen duniya. Kina jaririya lokacin. Kowa a Makka yana barcin rana, ni kaɗai na ji ta."

Yana faɗa yana kallona ta saman kanta, ko ƙiftawa bai yi ba.

Na miƙe na karɓi 'yata daga hannunsa, na sa mata takalmi. Matarsa ta biyo mu har ƙofa tana cewa ga abinci an zuba, ko loma ɗaya. Na ce mata mun ƙoshi. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, muna gaisawa a biki da makoki kamar kowane wa da ƙanwa, amma ban ƙara cin ko ƙwayar shinkafa a gidansa ba.